“Wa Ya Gaya Maka?”: Yadda Na Ratsa Digiri na Uku a Fannin Tarihi

Takarda mai shafi huɗu na riƙo ranar da na fara shiga ofishin Farfesa, a 2019. A samanta na rubuta abin da nake so in yi bincike a kai: tarihin haraji a ƙasar Kano tun daga zuwan Turawa a 1903 har zuwa 1979, shekarar da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali. Na rusuna na gaishe shi, ya nuna mini kujera, ya karɓi takardar ya karanta ta tsaf bai ɗago ba. Da ya gama sai ya zare tabarau ya ce, “Malam, shekararka nawa?” Na ce arba'in da ɗaya. Ya ce, “To wannan kayan da ka ɗauko, ko ɗan shekara ashirin ba zai kai shi gida ba. Shekara 76, masarauta guda, ga kuɗin ƙasa, ga kuɗin shuka, ga na karofi, ga jangali. A cikin duk wannan, wane abu ɗaya ne yake hana ka barci?”

Na yi jim. Can sai na tsinci kaina ina ba shi labarin kakana, wanda manomi ne a ƙasar Dawakin Kudu. Muna yara yakan ba mu labarin da mahaifinsa ya ba shi na malaman taki, mutanen da ake turowa su auna gona da ƙafa, taki bayan taki, su rubuta, a yanka wa mai ita haraji gwargwadon faɗinta. Ya ce mai gona yakan bi malamin a baya idonsa na kan ƙafarsa, domin in ya tsuke taki gona ta ƙaru a takarda, haraji ya ƙaru, in kuwa ya buɗa ƙafa ta ragu. Farfesa ya saurara har na kai aya, sannan ya miƙo mini takardata ya ce, “Ga kundinka nan ka faɗa da bakinka. Je ka rubuto shi.” Haka aikin ya dawo kan taki da manoman gundumomin da ke kewaye da birnin Kano, a zamanin Sarki Abbas da Sarki Usman, 1903 zuwa 1926.

Shekarar farko ta aji ce: falsafar tarihi, hanyoyin bincike, tarihin rubuta tarihin Afirka. Ina koyarwa a wata kwalejin ilimi, don haka kowane mako sai na hau motar haya na zo na kwana biyu a ɗakin wani abokina na koma. Wannan zangon ba shi da wani labari mai tsawo. An yi karatu, an yi jarrabawa, an wuce.

Labarin yana ɗakin semina. A sashenmu ba ka kai wa ga kare kundi sai ka ratsa semina uku: ta gabatar da ƙudurin bincike, wadda kowa ke cewa furofozal, ta bayan an dawo daga neman bayanai, sai ta cikin gida, inda ake zazzage kundin gaba ɗaya kafin a aika wa mai jarrabawa na waje. Ɗakin ba wani babba ba ne. Dogon tebur a tsakiya, malamai a kewaye da shi, mu ɗalibai a kujerun jikin bango, kodineta a gefe da littafinsa yana rubuta duk gyaran da aka ambata. Mako biyu kafin ranarka za ka buga kwafi ka bi ofis-ofis ka raba. Ranar kuma za ka kawo ruwa da lemo da ɗan abin taɓawa. Ba a rubuta wannan a wata doka ba, amma ban taɓa ganin wanda ya zo hannu rabbana ba, kuma ga mai albashi ɗaya da iyali, kuɗin buga takardu da na wannan hidima ba ƙaramin abu ba ne.

Minti ashirin ake ba ka. In ka zauna, ɗalibai ne ke fara magana, sai ƙananan malamai, sai manya, farfesoshi su rufe. Da farko na ɗauka tsarin girmamawa ne kawai. Daga baya na gane hikimarsa: in farfesa ya fara yanke hukunci, wane ɗalibi ne zai buɗe baki ya ce shi ba haka ya gani ba?

Na gabatar da furofozal a farkon 2020. Yawancin tambayoyin irin waɗanda ake yi wa kowa ne: wane giɓi za ka cike, me ya sa ka tsaya a 1926, ina ayyukan magabata. Na amsa daidai gwargwado. Sai wata malama, Dakta ce mai nazarin tarihin tattalin arziki, ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, a gidan Bahaushe akwai gandu, gonar gida gaba ɗaya, akwai gayauna, 'yar gonar mutum ta ƙashin kansa. In malamin taki ya auna gona, sunan wa yake rubutawa? Gayaunar matar gida, da ta ƙanin maigida, a wuyan wa ake ɗora harajinsu?” Ban taɓa yi wa kaina wannan tambaya ba, alhali a gidan gandu na tashi. Na ce, “Dakta, zan duba.” Ta gyaɗa kai, na ga ta rubuta wani abu a bayan kwafinta.

Makonni kaɗan bayan nan annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris, ga kuma yajin aikin malaman jami'o'i da bai ƙare ba sai Disamba. Da aka sassauta zirga-zirga, Farfesa ya ce in riƙa zuwa gidansa duk bayan mako biyu. A zaure muke zama, kan tabarma, shi da butar shayinsa. Zai ba ni littafi ɗaya ko maƙala, in na dawo ba ya tambayar me marubucin ya ce. Tambayarsa ita ce, “A kan me ya tsaya?” Wato in buɗe bayanan ƙasan shafi in gaya masa ko takardun Turawa ne, ko na Larabci, ko bakin mutane, ko kuwa wani marubucin kawai ya kwafo. A Zariya ya yi karatu, cikin tarbiyyar nazarin tarihi da masanin tarihi Abdullahi Smith ya dasa, masanin tarihi Yusufu Bala Usman ya raine ta. Yakan ba ni misalin yadda Bala Usman ya ɗauki Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Katsina da Kano a 1851, wanda kowa ke kafa hujja da shi a matsayin ganau, ya tuhume shi: a ina ya sauka, da wa ya yi magana, me ya kawo shi, me zai iya gani, me ba zai iya ba. Ina jin wannan ina gyaɗa kai, ina ganin na fahimta. Ashe fahimtar ba ta sauka daga kunne zuwa hannu ba tukuna.

A 2021 na tafi Kaduna. Safiya ina Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, yamma ina laburaren Gidan Arewa, wanda Abdullahi Smith ya kafa a 1970 a gidan marigayi Sardauna. Duk wanda bai taɓa kwance igiyar fayil ɗin da ya haura shekara ɗari ba, da wuya in iya kwatanta masa abin da ake ji. Takardar ta yi ja, gefenta na marmashewa, dole ka juya ta kamar kana ɗaga jariri. Za ka bi kundin jerin fayiloli, na KanoProf, wato fayilolin Lardin Kano, da na SNP, na sakatariyar Lardunan Arewa, ka cika 'yar takardar buƙata, ka zauna jira. Ma'aikatan da na tarar sun san kayansu, akwai wani dattijo a cikinsu da in ka faɗi gunduma zai ce maka ka duba wuri kaza. Rahotannin ƙiyasin haraji su suka fi ɗauke mini hankali. Ga yawan mutanen kowane ƙauye, ga eka nawa aka noma, ga damin gero da dawa da ake samu, ga awaki da jakuna, har da majema da marina. Komai a jere cikin layi, da tawada, da sa hannun Di'o, wato jami'in mulkin Turawa. Na ce a raina tarihi ya gama rubuta kansa, ɗauka kawai zan yi.

Na dawo na rubuta babi na uku, shafi sittin da wani abu, cike da jadawali. Bayan kwana goma Farfesa ya kira ni. Kusan kowane shafi akwai jan biro, kuma ba gyaran Turanci ba ne. Kalma huɗu ce yake ta maimaitawa a gefe: wa ya gaya masa? Ya buɗe wani jadawali ya ɗora yatsa ya ce, “Wannan Di'on, kwana nawa ya yi a gundumar? Hausarsa ta kai ya yi hira da manomi, ko ta bakin tafinta yake ji? Wa ya tsaya a gefensa lokacin da ake ƙirga? Ba yaran hakimi da dagaci ba ne? To kai manomi ne, ka san duk abin da ka faɗa yau da shi za a yanka maka haraji gobe. Za ka nuna rumbunka duka?” Na ce a'a, ranka ya daɗe. Ya ce, “Dagacin fa, wanda shi zai tara kuɗin, in bai cika ba rawaninsa na cikin haɗari, yana so a rubuta mutanensa da yawa ko kaɗan? Shi kuma Di'on, wa zai karanta rahotonsa? Razdan. Me Razdan yake so ya gani?”

Wannan zaman ya canja mini ido. Alƙaluman nan ba hoton ƙauye ba ne, sakamakon ciniki ne tsakanin mutane huɗu ko biyar, kowa da abin da yake ɓoyewa da abin da yake tsoro. Ba a zubar da su, domin ba mu da kamarsu. Amma in ka karanta su a haka, sai su fara ba ka labarin da ya fi wanda suka yi niyya. In rahoto ya yi ƙorafin cewa mutane sun tsallaka wata gunduma lokacin ƙidaya, to a nan ne ka ga manomi yana magana da ƙafarsa. Wata uku na yi ina sake babin. Ya ragu zuwa shafi arba'in, kuma ya fi na farko nauyi nesa ba kusa ba.

Farfesa yakan ce tarihin ƙasar nan tukunya ce a kan duwatsun murhu uku: takardun Turawa, rubutun malamanmu na Larabci da Ajami, da bakin dattawa. Da rani ya shigo, manoma suka sami sarari, na ɗauki rikoda na shiga ƙauyukan Kura da Dawakin Kudu. Ba a faɗa wa gari haka kawai. Sai ka fara gaida dagaci, ya haɗa ka da mai unguwa, shi kuma ya kai ka zauren dattijo, ka ajiye goronka, a gaisa a tambayi mutan gida, a san ɗan wa kake. Wani lokacin sai a zuwa na biyu ake fara maganar da ta kawo ka.

Akwai wani tsoho a ƙasar Kura, ya kai shekara tamanin da biyar, mai kaifin tunani da daɗin baki. Da na ambaci taki sai ya gyara zama ya ce, “Ɗan nan, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi.” Ya yi sa'a biyu yana magana. Yadda malamin taki ke sauka a gidan dagaci, yadda ake kai masa kaji, yadda ake bin sa gona-gona. Yadda wanda ya kasa biya ake shanya shi a rana a ƙofar fada, 'yan doka na tsaye a kansa, a kama akuyarsa a kai kasuwa. Na fito daga zauren nan jikina na tsuma. Na ɗora babi na huɗu kacokan a kan maganarsa.

A seminar bayan fage, wato ta bayan dawowa daga neman bayanai, na karanto wannan wurin da murya mai ƙarfi, ɗakin ya yi tsit. Ɗalibai suka yaba, ƙananan malamai suka yi 'yan gyare-gyare. Sai aka zo kan wani tsohon farfesa da ya kusa ritaya, wanda tun da aka fara idonsa a lumshe yake. Ya buɗe kwafinsa ya ce, “Malam, mai ba ka labarin nan shekararsa nawa?” Na faɗa. Ya ce, “To an haife shi wajen 1936 ke nan, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Sarki Abbas ya rasu a 1919. Ka rubuta a nan cewa ganau ne. Me ya gani?” Kafin in haɗa amsa ya ci gaba: “Kuma ya ce 'yan doka. A zamanin Abbas dogarai ke wannan aiki, 'yan doka daga baya aka yi su. Ba ƙarya dattijon nan ya yi maka ba. Harajin da ya gani da idonsa yana saurayi ya haɗa da labarin da ya ji a bakin manya, ya ba ka a ƙwarya ɗaya. Kai ne ya kamata ka tace, ba ka tace ba.”

Gumi ya jiƙa mini riga. Na waiwaya wajen Farfesana, ina jiran ya ce wani abu. Yana zaune hannunsa a kan tebur, bai ce uffan ba. Hukuncin da aka yanke shi ne in koma fage, in sake gabatarwa.

A daren nan na yi niyyar ajiye karatun. Ba kunyar ce kaɗai ba. Na riga na ci bashin kuɗin mota da na buga takardu, yarana sun saba da rashina a ƙarshen mako, ga shi an ce a koma baya. Maiɗakina ta bar ni na gama faɗan abin da ke cikina, sannan ta ce in kunna mata hirar ta ji. Muna saurare, dab da inda na yanke maganar da na sa a babin, sai ga muryar tsohon yana cewa a lokacin ne 'yan NEPU suka fara zuwa suna gaya musu kada wanda ya biya sisi ba a ba shi rasit ba. NEPU da aka kafa a 1950. Da bakinsa ya gaya mini zamanin da yake magana a kai, ni ne na toshe kunne saboda labarin ya yi mini daɗi, ya kuma dace da abin da na je nema.

Bayan kwana biyu na je ofis. Na ce, “Ranka ya daɗe, kun ga wannan kuskuren kafin mu shiga?” Ya jawo kwafin da ya duba ya buɗe shafin. Ga jan biro nan a gefe, kalmomin nan huɗu. Na gyara duk waƙafi da rubutun da ya nuna, na tsallake tambayar, don na ɗauka takardun Turawa kaɗai ake yi wa ita. Na ce to me ya sa bai tare mini ba a ɗakin. Ya ce, “In na tare maka ranar Laraba, ranar da baƙo zai zo daga wata jami'a wa zai tare maka? Ni a ranar ba ni da bakin magana.” Har yau ina ganin da ya zaunar da ni ya faɗa mini baki da baki kafin seminar, da ya rage mini wata huɗu na wahala, kuma na taɓa gaya masa haka, ya ce mai yiwuwa ina da gaskiya. Amma ba zan ce bai nuna mini ba.

Sannan ya tambaye ni ko na yi karatun zaure. Na ce na taɓa kaɗan. Ya ce, “To ka san malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun ji isnadinta, wane daga wane. Ilimin nan a gidanku yake, ba sai ka je Ingila ka aro ba. Koma wajen dattijon, kowace magana ya faɗa ka tambaye shi, Baba, wannan gani ka yi ko ji? In ji ne, daga wa?”

Na koma. Na ji nauyin tambayar, don kada ya ɗauka ƙaryata shi nake. Ashe daɗi ma ya ji. Ya ce, “Yawwa, yanzu ka zo da tambaya. Na taki, wan babana ne ya ba ni, shi ya riƙe wa malamin linzamin doki yana yaro. Na shanya mutane a rana kuwa, wannan idon ne ya gani, shekarar da na yi aure.” Muka bi labarin zare-zare muna warewa. Haka na sake bin duk waɗanda na yi hira da su, na raba maganarsu uku: abin da suka gani, abin da suka ji daga wanda suka iya ambata, da abin da ya zama zancen gari. Wannan rarrabewa ita ta zama ƙashin bayan babin, kuma daga cikinta na fitar da maƙalata ta farko.

Dutse na uku shi ne rubutun Larabci. Akwai bayanan shari'o'in majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914, shekarun da cinikin gyaɗa ya buɗe bayan isowar jirgin ƙasa Kano, kuma shekarun yunwar da ake kira Kakalaba. Larabcina bai kai in shiga su ni kaɗai ba, sai na riƙa zuwa wajen wani malami a cikin birni bayan sallar asuba muna bi layi-layi. A nan ne na fara cin karo da talaka yana kawo ƙara da kansa a kan gona da gado, ba a matsayin lamba a jadawalin wani ba. Seminar da na sake gabatarwa ta wuce lafiya. Tsohon farfesan nan ya ce kalma ɗaya, “Madalla,” ya mayar da idonsa ya lumshe.

Ba duka duba aiki ne ya zo mini da daɗi ba, kuma ba zan ɓoye ba. Kowane ɗalibi ana ba shi mai dubawa na biyu. Nawa ya karɓi babi biyu ya riƙe wata bakwai. In na kira, ya ce yana kan hanya. In na je ofis, yana taro. In mun haɗu a baranda, ya ce mako mai zuwa. Ba za ka iya matsa wa malaminka ba, ba kuma za ka kai ƙararsa ba, domin sa hannunsa kake jira. Wannan jiran ya fi kowace tambayar semina cin rai, saboda ita tambaya ko ba komai tana ba ka abin yi. Da aikin ya fito, sai ga shi yana so a rushe tsarin a gina shi a kan wani ra'i, wato tiyori, tun daga babi na ɗaya, alhali Farfesa cewa yake hujja ta fara zuwa, ra'i ya biyo ta. Na gyara don wannan, wancan ya ce a mayar. Da abin ya ishe ni, na roƙi Farfesa cikin ladabi ya haɗa mu mu uku a zama ɗaya. Cikin minti arba'in suka daidaita, na rubuta abin da aka amince a shafi guda, kowa ya sa hannu. Na san mutumin nan yana ɗauke da ɗalibai fiye da ƙima, ga aji, ga kwamitoci, kuma wasu gyare-gyarensa sun amfane ni ƙwarai. Duk da haka ina ganin ya kamata kowane sashe ya rubuta wa'adin da babi zai yi a hannun malami, ya kuma riƙa haɗa masu dubawa da ɗalibi a tebur ɗaya ko sau biyu ne a shekara. Rayuwar mutum ce ke tsaye a cikin wannan durowa.

Mu shida muka fara. Lokacin yajin aikin 2022, daga Fabrairu har Oktoba, da komai ya tsaya, muka ƙirƙiro tamu seminar. Duk Asabar ta ƙarshen wata mukan haɗu a ajin wata firamare da ɗayanmu ke shugabanta, mutum ɗaya ya karanta babinsa, saura su yi masa irin tambayoyin da muka san za a yi masa, ba sani ba sabo. Akwai wata 'yar'uwa da ke zuwa da goyo, tana jijjiga shi tana kare babinta a kan masaƙa. Ɗaya daga cikinmu ya bari a wannan shekarar, kuɗin makaranta suka gagare shi, kuma aikinsa a kan kasuwannin kan iyaka ya fi na yawancinmu kyau. Har yanzu in na tuna shi raina yana ɓaci.

Sauran matakan sun zo a jere: seminar cikin gida a ƙarshen 2023, binciken kwamfuta don tabbatar da ba a kwafi aikin wani ba, maƙala biyu a mujallun ilimi, cike-ciken takardu a makarantar karatun gaba da digiri, sai jiran ranar da baƙo zai samu zuwa. Ya zo a 2024. Kundina na gabansa, ya lanƙwasa kusurwar shafuka da yawa. Sa'a biyu da rabi muka yi. Da ya iso babi na huɗu ya tambaye ni yadda na amince da maganar mutanen da ba su ga zamanin ba, sai na ji kamar an tambaye ni hanyar gidanmu. Farfesa na zaune a gefe, kamar yadda ya faɗa, bai ce komai ba. Aka ce in fita. Na tsaya a baranda ina ta salati har aka kira ni, aka ce an amince, da ƙananan gyare-gyare cikin wata uku.

Ina fitowa ana ta yi mini barka, sai ga Daktar nan ta tarihin tattalin arziki. Ta taya ni murna sosai, sannan ta buɗe jakarta ta zaro tsohon kwafin furofozal ɗina na 2020, ta juya bayansa ta nuna mini rubutunta. Ta ce, “Na karanta kundin duka. Gayauna sakin layi biyu ka ba ta, kuma duk waɗanda ka yi hira da su maza ne.” Na ce haka ne, Dakta, a zaure aka tsayar da ni, ban shiga cikin gida ba. Ta ce, “To ka nemi wadda za ta shiga.”

Na koya wa maiɗakina yadda ake riƙe rikoda, da yadda za ta tambayi tsohuwa ko gani ta yi ko ji, in ji ne daga wa. Mai unguwa ya yi mana magana da gidaje uku a ƙasar Kura, ciki har da gidan tsohon nan, inda yayarsa take da rai. Asabar mai zuwa za mu tafi da sassafe, ita ta shiga ciki, ni in zauna a zaure in jira ta.